Matar Bokiti

A gidan jaridar babu wanda bai san hoton ba. Mace ce da bokiti a ka, ta ɗan karkato wuya, tana dariya har haƙoranta duk a waje. Shekara ashirin da shida ke nan da ɗaukarsa, an kuma buga shi sau arba'in da ɗaya. Idan damina ta yi kyau ita ake sawa, a rubuta a ƙasa: Al'umma cikin farin ciki. Idan abinci ya yi tsada ita ce dai, a rubuta: Duk da tsanani, mutanenmu ba sa rabuwa da murmushi. An sa ta a labarin zaɓe, an sa ta a labarin ƙidayar jama'a, har ranar da aka ci wani kofin ƙwallo sai da aka liƙa ta, wai ƙasa na murna. 'Yan jaridar ba sa ma wahalar da kansu wajen kwatanta ta. Waya kawai suke ɗagawa su kira ɗakin ajiyar hotuna: "Durowa, a turo mana Matar Bokiti."

Durowa suke ce masa, saboda yini yake yana ja da tura durowoyin ƙarfe a wani ɗaki da ke ƙarƙashin matakala, ba taga, sai doguwar fitila mai ƙiftawa da fankar da ke juya zafi daga wannan bango zuwa wancan. Karatun jarida ya yi, ya fito da sakamako mai kyau, ya zo da burin rubutu. Aka ce masa sama ta cika, ya ɗan zauna a nan tukuna. Tukunar ce ta kai shekara huɗu.

Matar Bokiti mahaifiyarsa ce. A gidan babu wanda ya sani, don babu wanda ya taɓa tambayar ko wace ce.

Ai tsarin ɗakin ma bai bar wa tambayar wuri ba. Durowar manyan mutane ce kaɗai aka jera da sunaye, kowa da ambulan ɗinsa. Sauran kuwa an raba su kamar kayan kanti: Manoma. Yara a Aji. Masunta. Tsofaffi Masu Fara'a. Mata da Kaya a Ka. Ƙasa sukutum a durowa goma sha biyu, ga kuma mutane masu digiri a saman bene suna ɗiba suna nuna wa duniya suna cewa ga mu nan, ba tare da ko sau ɗaya abin ya tsaya wa wani a maƙogwaro ba.

Shekara biyu ke nan da ya ɗauko Inna daga garinsu, da yanar ido ta rufe mata gani har ta daina gane wuta a murhu. Ɗaki biyu ya kama a hawa na uku na wani dogon gida. A garinsu ungozoma ce, shekara talatin tana aiki a ƙaramin asibitin garin, rabin mutanen da ke tafiya a kasuwa ita ta yanke musu cibiya. A nan kuwa kujera ɗaya ce da ita a bakin taga. Maƙwabta sukan wuce ta a matakala da kunnuwansu a toshe da waya. Mai shagon ƙasa ya taɓa naɗe mata sabulu a cikin takardar jarida mai fuskarta, ya miƙo mata, ya ce, "Na gaba."

Duk yamma in ya dawo takan ji ƙarar takarda a hannunsa.

"Auta, yau ma sun sa ni?"

"Sun sa ki, Inna."

"Yau kuma mece ce ni?"

"Yau ke ce haƙurin talaka."

"Oho. Watan jiya albarkar damina ce ni. Ƙarin girma nake ta samu, ban sani ba."

Tun yana ƙarami ya san labarin hoton, amma a guntaye. Sai da suka zauna su biyu a waɗannan ɗakuna, ba mai shigowa ba mai fita, sannan ta ba shi shi daga farko har ƙarshe. Ranar famfon asibitin ya cika wata uku ba ɗigo. An kawo wata mata tana naƙuda, jini ya tsinke mata, ga ba ruwan da za a wanke ko hannu. Inna ta zaunar da ita a benci, ta sura bokiti ta nufi rijiyar bayan makaranta. A sahu na huɗu ne ta ci karo da wani baƙo mai kyamara. Yana ta ja da baya yana saita ta, yana ja, yana ja, sai ji ta yi ruɗum, ya faɗa kwatami ƙafafu a sama.

"To ya zan yi? Dariya ta kuɓuce min. Kafin ya faɗi ashe ya riga ya danna, ko yana cikin faɗuwar ne, oho. Ban tsaya ba ma." Ta murza bakin mayafinta. "Yaron ya rayu. Uwar ba ta kai la'asar ba. Ni dai abin da nake so, Auta, ko sau ɗaya su rubuta cewa matar nan aiki take, kuma famfon ba ruwa. Ka ce da su har yau ba ruwan."

Ya ce zai gaya musu. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Hoton da ke durowa daga kafaɗarta zuwa bokitin ne kawai, bayanta sarari. Ba famfo, ba asibiti, ba benci. Magana ce ta tsohuwa da ɗanta, a gaban hoton da ya riga ya zama gaskiya tun da an buga shi sau arba'in.

Sai aka zo shirin cikar jaridar shekara hamsin. Aka ce a kwashe tarkacen da ke saman kabad a zubar, za a yi fenti. A cikin tarkacen ya ga gwangwanin biskit cike da baƙaƙen finafinan da ake wanke hotuna daga jikinsu a da, na wani mai ɗaukar hoto da ya rasu tuntuni. Ya yi ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila. A na wajen sittin ya ci karo da ita.

Hoton a kwance yake, mai faɗi. Inna tana can gefen dama, ba ta ci ko kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk bangon asibiti ne. Ga famfo an ɗaure masa baki da tsumma, ga bokitai a jere a kife. Ga benci, ga mace a zaune da tulelen ciki, ta dafe ƙugu da hannu biyu, ta kafa wa Inna ido. A ƙugun Inna kuma ga farar rigar aikinta da ta naɗe.

Ya jawo wankakken hoton da ke durowa ya juya bayansa. Layi huɗu ne da jan fensir, da rubutun wani editan da aka manta da shi: A yanke nan. Shi ke nan. Mutum ɗaya ya ja layi a rana ɗaya, wataƙila yana sauri ya tafi cin abinci, duk wanda ya biyo baya ya bi layin. Da aka koma kwamfuta ma, yankakken aka ɗauka aka adana.

Washegari da safe ya hau bene, abin da bai taɓa yi ba sai an kira shi. Ana taron tsara fitowa ta musamman. Edita na kan teburi, mutum mai fara'a da son a ce yana sauraron matasa. A damansa mai tsara shafi, tsoho da ake kira Baba Almakashi tun zamanin da ake yanka da liƙawa da hannu. A hagunsa mai gyaran rubutu, Anti Jan Biro. A jikin allo an riga an zana shafin farko: babban kai, MU KE NAN, a ƙarƙashinsa Matar Bokiti.

"A'a, Durowa!" in ji Edita. "Yau an hauro shan iska? Ko ruwa ya cinye ku a can ƙasa?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ajiye cikakken hoton a tsakiyar teburin, hoton da ya kwana yana fitarwa.

"Ranka ya daɗe, matar nan mahaifiyata ce. Ungozoma ce. Wannan da ke kan benci ta rasu a ranar, a asibitin da ba ruwa." Muryarsa ta tashi fiye da yadda ya so. "Shekara hamsin muna rubuta a saman jaridar nan cewa mu ne madubin ƙasa. Wane irin madubi ne ba ya nuna komai sai haƙora? Mun ɗauki mace tana gudun ceton rai mun mayar da ita tallar haƙuri. In har mu ke nan, to ga mu nan duka, da famfon da bencin."

Ya riga ya shirya wa kora, ya shirya wa dariya. Edita ya cire tabarau, ya duƙa a kan hoton ya daɗe.

"Kai! Wannan ai shi ne labarin," ya ce. "Ka ga abin da nake gaya muku? Zinariya a ƙarƙashin ƙafarmu. Durowa, ka burge ni. Shi za mu sa. Rubuto bayanin da za a sa a ƙasansa da kanka. Baba, sabon hoton nan za ka ɗora."

"An gama," in ji Baba Almakashi, yana kallon agogo. "Matar nan ni da ita mun saba. Tun wannan yana tsumman goyo nake sa ta."

Ya sauko matakala ƙafafunsa ba sa jin ƙasa. Ya zauna ya rubuta layi uku, ya goge, ya sake, har ya samu abin da yake so: aikinta, shekarunta a asibitin, matar da ke benci, famfon da har yau yake a bushe. Da yamma ya karanta wa Inna sau biyu.

"Ka ce talatin? Talatin da ɗaya ne."

Ya gyara.

Ranar Laraba za a tsara shafin, a buga, a fitar Alhamis. Larabar ce kuma ranar da asibitin ido suka ba Inna, bayan jiran wata biyar. Ya yi tunanin ya roƙi wani ya kai ta. Ya bi lambobin wayarsa daga sama har ƙasa, bai ga wanda zai iya ce wa ya bar aikinsa ya riƙe hannun tsohuwa ba. Yayyensa duk suna nesa. Ya ce a ransa ai Edita da bakinsa ya faɗa, a gaban kowa. Ya tura hoton da bayanin, ya kulle ɗakinsa, ya tafi.

Ya yini a kan benci a bakin ɗakin tiyata. Da aka fito da ita, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan kuma har yanzu da yanarsa, abin da ta fara tambaya shi ne, "Sun sa?"

"Gobe, Inna."

"To. Jibi za a kwance min. Da sabon ido zan gani."

Alhamis tun kafin a buɗe shaguna yana tsaye a mararrabar da mai jarida ke shimfiɗa kayansa. Tun daga tsallaken titi ya hango ta. A tsaye take, ta cika shafin daga sama har tsakiya, bokiti a ka, haƙora a waje, ta fi kowane lokaci fitowa tas. Bayanta sarari. A ƙasa an rubuta: Murmushin da ba ya gushewa.

"Ɗauki biyu, malam," in ji mai jaridar. "Yau ƙarewa za ta yi. Ka ga uwarmu ta gargajiya, ba ruwanta da damuwar duniya."

Bai san yadda ya kai ofis ba. Ya tarar da Baba Almakashi yana shan shayi a gaban kwamfuta.

"Baba, ina sauran hoton?"

"Wane saura? Au, bangon nan? Yaro, gurbin shafin farko tsaye ne, tun mako uku aka zana shi. Hotonka kuma a kwance. Ko dai in rage shi ya koma kamar kan sarki a jikin wasiƙa, ko in jawo matar ta cika wurin. Sai na jawo ta. Amma fa ka yi ƙoƙari, wannan ya fi tsohon haske nesa ba kusa ba. Har ƙudan da ke bakin bokitin ana gani."

"Edita cewa ya yi a sa cikakke!"

"Cewa ya yi in ɗora sabo. Na ɗora sabo. Ni za ka koya wa yankan hoto?"

Anti Jan Biro ta leƙo ta saman tabarau daga nata teburin. "Ɗan nan, sassauta murya. Bayaninka ni na gyara. Dokar aiki ce, ba a rubuta abin da mai karatu ba ya gani. Ka rubuto famfo, ka rubuto benci, ka rubuto mai ciki. Na duba shafin sama da ƙasa, ban ga ko ɗaya ba. In bari a ce jarida ta yi ƙarya?"

"Ai kina wurin taron, Anti. Kin ga hoton da idonki."

"Na gani a teburi. A shafi ban gani ba."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda ya yi da mugunta. Da ƙiyayya ce da ya san inda zai sa ƙafa. Kowa aikinsa ya yi, yadda ya saba, yadda aka koya masa, ya kuma tafi gida da zuciya fes.

Edita ya same shi a bakin ƙofa, ya dafa masa kafaɗa. "Kash! Wallahi na so abin nan. Jiya ina wajen baƙi, ban ga shafin ba sai da ya tafi inji. Amma ka ji an ce ta ƙare tun ƙarfe tara? Kar ka damu, za mu duba, mu sa cikakken a shafi na sha huɗu wani makon, in tallace-tallace sun bar wuri. Ka gaishe min da Mama. Ka ce mata ƙasa na alfahari da ita."

Da rana tsaka ya koma gida. Inna na kan kujerarta, ta juya bandejin wajen hasken taga. Ya ɗora mata jaridar a cinya. Ta shafa ta da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Babba ne?"

"Babba ne, Inna."

"Karanta min."

Ƙaryar tana kan harshensa, a shirye, layi ukun nan ya haddace su. Amma gobe za a kwance bandejin. Ya karanta mata abin da ke wurin.

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Ungozomar fa?"

"Babu."

"Famfon?"

"Sun yanke, Inna. Sun sake yankewa."

A ƙasa mota na ta ƙaho, wani na kiran wani. Ta ninke jaridar biyu, ta ajiye a ƙasa kusa da takalminta.

"Ba don ni ba ne, ka sani. Ni na gaji da kaina. Yarinyar nan ta kan benci, ko ashirin ba ta kai ba. Cewa ta yi da ni, Inna, kar ki daɗe. Na so a ce ko mutum ɗaya ya kalle ta yana shan shayinsa, ya ƙware." Ta juyo inda take jin numfashinsa. "Auta, tunda ba za su iya sa mu tare ba, je ka ɗauko ni. Dariyar da na yi musu ta isa."

"Inna, kayan jarida ne. In aka gane, a bakin aikina ne."

"Da suka ɗauka, sun tambaye ni?"

Ya koma ofis bayan la'asar. Ya jawo durowar Mata da Kaya a Ka, ya zare hoton mai jan fensir. Ya ciro fim ɗin daga gwangwani. Ya zauna a gaban kwamfuta ya nemo duk inda aka adana ta, wuri biyar, tsohon da sabon, ya goge, na'urar na tambayarsa ko ya tabbata, yana cewa ya tabbata. Ya haɗa su da cikakken hoton a ambulan, ya sa a cikin riga ya fita ta gaban mai gadi, wanda ko kai bai ɗago ba.

Juma'a aka kwance bandejin. Inna ta riƙe cikakken hoton dab da sabon idon, hawaye na zuba daga cikinsa, na magani ne ko na wani abu. Ba ta kalli gefen dama ba. Ta ɗora yatsa a kan matar da ke benci ta bar shi a wurin.

Asabar da Lahadi ya yi su yana shirya abin da zai faɗa. Ya san za a kira shi sama. Ya tsara jawabin a ransa, ya san inda zai ɗaga murya, ya san abin da zai ce in aka miƙo masa takardar sallama. Har kayansa na cikin teburi ya haɗa a leda tun da safiyar Litinin, ya zauna yana jira a ƙarƙashin fitilar.

Wajen sha ɗaya wayar ta yi ƙara. Wani ɗan rahoto ne daga sama, yana taunar wani abu.

"Durowa, mutumina. An ƙara kuɗin mota, muna son fuskar jama'a. Turo mana Matar Bokiti."

"Babu ita."

"Kamar ya babu ita?"

"An mayar wa mai ita." Ya miƙe tsaye, ya riƙe bakin teburin, ya ja numfashi don ya fara.

"Au, to. Ba komai," in ji muryar. "Turo wata. Mai dariya dai, kuma a tsaye, gurbin siriri ne. Ka yi sauri."

Aka kashe wayar.

Ya daɗe riƙe da ita a kunne. A samansa ƙafafu na hawa da sauka a matakala, ba wadda ta tsaya. Ya je ya jawo durowar. Suna nan a jere, sun fi ɗari biyu, da itace, da tulu, da kwando, da buhu, kowace tana dariya. Ya zaro ta farko ya juya bayanta. Layi huɗu da jan fensir. Ya zaro ta biyu.

Wayar ta sake ƙara.